Kwanon Widad Kafin Siniyar Maza

Daga Mai Wurno, zuwa ga ɗiyata Widad a Suki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, babanki lafiya lau, sai dai gwiwar nan tasa. Yayanki Salih lafiya. Matarsa Ibtisam ce ba ta jin daɗi, ciki ya fara nauyi, kullum jiri. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini tun da Mukhtar direba ya ce kin faɗi a bakin rijiya, wai har taɓon kogi kike ci.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koye shi, waya kuma ba ta shiga.

Ki dawo gida goyon ciki. Na san gidan surukinki Alhaji Audi, maza sun cika shi. Idan siniya, babban farantin abincin maza, ta fita zaure, abin da ke dawowa wa mata ƙashi ne da guntun gurasar kisra. Cikin fari ba a wasa da shi, ina tsoron ranar haihuwa ta same ki ba jini. Ki gaida surukarki Hajja Ruqaya, amma kar ki karanta mata wannan.

Innarki, Rabi'atu.

Daga Suki.

Inna, wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da Baba, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Gaskiya ne na faɗi. Ungozoma ta duba cikin idona ta ce jinina ya yi ƙasa sosai. Amma Mukhtar rabin labari ya kai miki.

Washegari an yanka akuya. Kafin a jera siniyar maza, Hajja Ruqaya ta tsaya a kan tukunya ta tsame hantar duka ta zuba mini, ta haɗa da wake da zogale, ta matsa lemun tsami, ta zauna tana kallona har na cinye. Siniya na fita muka ji muryar Alhaji daga zaure.

"Hajja, wannan akuyar ba ta da hanta ne?"

Ta ce, "Tana da ita, Alhaji. Jikanka ya riga ka."

Ya ce, "Tun bai zo ba ya fara ƙwace?"

Ta ce, "Gado ya yi."

Tun ranar kwanona ake fara cikawa. Yanzu Alhaji da kansa ke ware mini kifi idan masunta sun kawo. Hajja ta hana ni shayi a kan abinci, ta zubar da taɓon da na ɓoye, ta ɗaura mini gyaɗa da dabino a bakin zane. Jiri ya tafi. Inna, in kin yarda, ina so in haihu a hannunta.

Ɗiyarki, Widad.

Daga Mai Wurno.

Widad, salamu alaikum. Na karanta, na sake karantawa. Tun ina amarya nake jera siniya, bai taɓa zo mini a rai ba cewa ludayin a hannuna yake. Hajja Ruqaya mace ce, Allah ya saka mata da alheri. Wannan kam ki karanta mata.

Ki zauna wurinta, na yarda.

Jiya na cika kwanon Ibtisam kafin na maza. Babanki ya juya miya yana neman tsokar kifi, ya ɗago ya dube ni.

Ki tambayar mini Hajja abin da zan faɗa masa idan ya yi magana. Ki ba Mukhtar amsa kafin Juma'a, ranar za mu yanka kaza.

Innarki, Rabi'atu.