Takardar da Ban Kai wa Auta Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Kar ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya muka yi waya. Abin da ke cina ba ya faɗuwa a waya, ina buɗe baki sai in ji na koma zancen yara.

Ranar Talatar da injiniya ya shiga gidan nan da muka so saya, riƙe da 'yar gudumarsa, ranar komai ya juye mini. Kin san gidan, wanda na ishe ku da hotunansa, farin nan mai ɗakin sama da baranda. Tun da dillali ya buɗe mana ƙofar ɗakin na ji kamar na taɓa zama a ciki. Duk littafin da na karanta aka ce ta tsaya a baranda iska tana kaɗa mayafinta, ashe wannan barandar nake gani. Kafin mu sauko na riga na kafa kantar littattafaina a bangon hagu, na zaɓi labule ruwan toka, na ajiye kujera inda zan riƙa hango motar Maigida tun daga kwana.

Shi kuwa kin san halinsa, ko kankana zai saya sai ya ƙwanƙwasa. Ya ce ba zai sa hannu a komai ba sai masani ya duba. Dillali ya yi dariya, wai gida da sabon fenti me za a duba a jikinsa. Maigida ya ce ai fentin ne ma ya sa.

Injiniyan wani gajeren dattijo ne mai furfura har a gira. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne kamar likita. Ya buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya, ya kunna fitilu, ya kafa tsani ya hau rufi, ya daɗe a can. Da ya sauko sai ya shiga ɗakin sama ya haska silin da tocila da rana tsaka, ya kankare fenti da farce. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin kamar fatata ake kankarewa. Na ce masa, "Baba, ka duba iskar da ke shigowa mana." Ya ce, "'Yata, ba don iska aka kira ni ba."

Bayan kwana uku ya kawo rahoto, shafi takwas. Maigida ya karanta a tsaye, ya ce rufin sama ba shi da kyau, mun fasa. Ya fara yi mini bayani, na shige ɗaki na rufe ƙofa. Takardar kuwa na cusa ta ƙarƙashin littattafaina.

Da kuka tambaya na ce muku gidan ya yi wa Maigida nisa da wurin aiki. Ba haka ba ne. Na cika baki da yawa, kunya ta hana ni cewa an sami aibu. Kuma ina sa ran zan lallashe shi mu koma, ban so in ɓata wa gidan suna ba.

To shekaranjiya Auta ta kira ni. Kin tuna ni da ƙafata na kai ta ta ga gidan, don ta san ni ma na kusa. Ta ce tunda mun fasa, mijinta ya yi magana da dillali, su za su saya. Har da tambayata, "Ƙaramar Yaya, ba dai za ki ji haushi ba ko?" Na ce haba, haushin me. Na ajiye waya na zauna dirshan a ƙasan kicin.

Yaya, ki faɗa mini gaskiya, me ya sa kullum ita? Ni na tashi ina sa kwancenki, ita da ta zo Abba ya sami ƙarin girma, komai sabo aka yi mata. Yarinyar da ko takardar magani ba ta karantawa, me za ta yi da baranda? Na san ba kyau, ina ta istigfari, amma abin ya ƙi barina.

Ki shafa mini kan yara. Kar ki gaya wa Umma komai.

Ƙanwarki,
'Yar Littafi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da kika ce kin fara taka ƙafar. Ki daure da shan maganin ko da kin ji sauƙi.

Saƙonki ya iso. Na rubuta miki shafi uku, kika amsa mini da layi ɗaya: me injiniyan ya rubuta? Yaya, abin da injiniyoyi ke rubutawa mana. In ba su samo aibu ba wa zai sake kiransu? Yoyo ne dai, ina jin. Wane gida ne ba ya yoyo?

An gama ciniki, har sun tare. Kin san mijin nata, ba a banza muke kiransa Yanzu-yanzu ba. Ranar Litinin ya ga gida, ranar Alhamis makulli yana aljihunsa. Auta ta ce wani abokinsa ya ba shi shawarar ya kira mai dubawa, ya ce shi idonsa ma injiniya ne.

Akwai abin da ban so in rubuta ba. Da Maigida ya ji su za su saya, ya ce in kai musu takardar a ranar, kar in tsaya wani bayani. Kin san ba ya sakewa da Yanzu-yanzu, yana gudun a ce don an fi shi ne yake kushe. Na ce to. Washegari ya tambaya, na ce na kai. Ya ce to wataƙila sun shirya gyarawa ne. Shekara biyu da aurenmu, wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa ido cikin ido, kuma ta fita sumul har na tsorata.

Na sa ta a jaka sau biyu, wallahi. Amma ki duba ta wajena. In na je na ce gidanku yana da matsala, me za a ce? Za a ce ta rasa ne take baƙin ciki. Auta za ta yi wannan murmushin nata na gefen baki ta ce, "Allah sarki, Ƙaramar Yaya."

Na je mata barka ranar Lahadi. Cikin nata ya fito sosai, ta yi kyau abinta, har da wani sheƙi. Ta ja hannuna zuwa sama. Ɗakina ta mayar ɗakin kwananta. Inda kantar littattafaina za ta zauna ta jera takalma har sama. Labulen kuwa ruwan toka, ta ce ai ni na ba ta shawara ranar da muka zo tare. Barandar da na yi niyyar shan shayi a cikinta, igiyar shanya ta ɗaura, singiletin Yanzu-yanzu suna ta lilo. Ta nuna mini lungun da za ta sa gadon jariri, ta ce in zo in riƙa karatuna a nan duk ranar da na ga dama, ɗakina ne. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ina ɗaga kai sai na ga wani ɗan tabo a kusurwar silin, ruwan ƙasa, bai fi tafin hannu ba. Ita ba ta lura ba. Yaya, wani sanyi na ji ya ratsa ni. Na ce a raina bari damina ta zo, ita ma ta tara roba a tsakar ɗaki, ta san yadda ake samun abu da tawaya. Na ci abincinta, na yaba labule, na dawo gida na kasa karanta ko shafi ɗaya. A littafi, mai irin wannan zuciyar ita ce wadda nake tsallake shafinta don haushi.

Ki yi mini addu'a, kar ki yi mini faɗa tukuna. Ina gaida Baban yara.

Taki,
'Yar Littafi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da Babansu. Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi.

Yau da safe Auta ta kira tana neman lambar mai gyaran famfonmu. Wai ruwa ba ya hawa sama da ƙarfi, Yanzu-yanzu ya sayo manyan tankuna biyu, ranar Asabar za a ɗora su a kan rufi, daidai saman ɗakinta. Tana dariya tana cewa za ta riƙa wanka kamar a otal. Na ba ta lambar. Da na ajiye waya sai na tuna yadda dattijon nan ya daɗe a kan rufin, da yadda ya sauko yana taka tsani a hankali.

Na kwashe littattafan na ciro takardar. Kin tambaye ni me ya rubuta, na yi miki kwana-kwana. Gaskiyar ita ce ban taɓa karantawa ba. Ni da nake cinye littafi mai shafi ɗari biyu kafin tukunya ta tafasa, wata biyu na kasa buɗe shafi takwas.

A shafi na biyar yake. Bututun da ke sauke ruwan sama ya toshe shekara da shekaru, ruwa yana kwanciya a kan rufin. Ya ratsa kankare, rodin da ke ciki ya yi tsatsa ya kumbura, simintin yana ɓarewa. An shafe wurin da sabuwar fulasta, aka bi da fenti. Har hoto ya sa, rodi ja wur kamar busasshen kara. A ƙasa ya ja layi biyu: kada a ɗora wa rufin nan kowane nauyi, kuma kada a kwana a ɗakin sai an fasa an sake zubawa.

Ko a nan ban sallama ba. Na ɗauki mayafi na tafi ofishinsa, adireshin yana bayan rahoton, ina fata ya ce mini sun saba ƙara gishiri. Wani ɗan ɗaki ne a saman shagon tayil, takardu har kan kujera. Ya gane ni, ya ce, "Mai iska, kin dawo?" Na tambaye shi in aka ɗora tanki fa. Ya ce ruwa nauyi gare shi, tanki biyu in sun cika kamar a ɗora mota ne. Rufin zai iya kai shekara, zai iya kasa kai mako, shi ba zai sa jikarsa a ƙarƙashi ko na awa ɗaya ba. Sai ya ce, "Ai na ji kun fasa. Wa ke ciki?" Na ce ƙanwata. Ya cire gilashi ya dube ni. Ya ce, "Ta ga takardar?" Na sunkuyar da kai. Sai ya yagi takarda ya rubuta lambarsa, ya ce mijinta ya kira shi ko yaushe.

A hanya na yi ta neman mafita. Na ce in aika da ita ba suna, sai na tuna sunan Maigida ne ɓaro-ɓaro a bangonta, da kwanan wata. Na ce in roƙe ki ki faɗa mata kamar daga wajenki. Na ce in ce yau na tsince ta. Duk wadda na ɗauko sai in ga ƙarya ce a kan ƙarya, kuma kwanan watan nan ba zai goge ba. Kowa zai lissafa ya ga tana hannuna tun kafin su biya. Yanzu-yanzu zai ce na bari sun afka da gangan, kuma ban san da bakin da zan musa ba. Umma za ta ji. Maigida zai gane cewa na dube shi na yi masa ƙarya. Auta kuwa, wataƙila ba za ta sake jan hannuna zuwa ko'ina ba.

Ba zan ce miki zuciyata ta wanke ba. Ko yanzu in na tuna barandar nan sai na ji ƙyashi. Amma ban taɓa son rufi ya faɗo mata ba, Yaya. Roba kawai na so ta tara.

Na riga na kira ta na ce ta sauko da kayan kwanciyarta ƙasa, ta kuma dakatar da mai famfo. Ta ce, "Lafiya, Ƙaramar Yaya?" Na ce ina zuwa da dalili. Maigida yana tasowa ƙarfe biyar, saura rabin awa. Ki gaida kowa, ki kuma bar wayarki a kusa, ina jin ɗayanmu za ta neme ki.

Shi zan fara faɗa wa. Daga nan zan kai wa Auta takardar da hannuna, in gaya mata tun ranar da take wurina.

Ƙanwarki,
'Yar Littafi