Labulen Katantanwar Inna

Zuwa ga ƙanwata Sabura, a Penang.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwa. Mu nan Kilakarai sai godiya, jikoki na ta girma. Pichai mai shayi ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Sabura, na kasa zama wuri ɗaya. Watan da Inna ta rasu ya kusa kewayowa, kabarinta kuwa ya yi dusu-dusu. Kin san tunda muka binne ta ban taɓa shafe shi da komai ba sai farar ƙasar da nake ƙonawa daga 'yar katantanwar nan mai zanen haƙarƙari, wadda Inna ta saba tsinta a bakin teku da asuba in ruwa ya janye. Ita ta ce farinta kaɗai ne iskar gishiri ba ta cinyewa. To, masu ginin tashar jiragen ruwa sun jibge duwatsu a gaɓar tamu kaf. Kullum ina can ina tono da sanda, abin da na samu bai cika tafin hannu ba. Ɗana Mastan ya sayo fenti a gwangwani, wai Baba ka huta, matacce bai san bambanci ba. Na ce masa ni da rai na sani, ya je ya shafa wa kwalekwalensa. Matarsa har tana cewa tsufa ya mai da ni ƙaguwa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Labulen katantanwar da Inna ta shirya miki da hannunta, wanda kika tafi da shi gidan miji, duk irin wannan ce. Ina zaune gefenta tana huda su da allura, har na soki yatsa. Ina roƙon ki aiko mini da shi in ƙona, zai ishi shafen kabarin na bana. Na san shi kaɗai ya rage miki daga hannunta, kuma abin da ya shiga wuta ba ya dawowa. In kin hana ba zan yi fushi ba, amma gwangwanin nan ba zai taɓa kabarinta ba, ko da zai shekara baƙi.

Ki gaishe da maigidanki Naina, da Jamila da yaranta. Na riga na jera ɓawon kwakwa a murhu, ashana ce kawai ban ƙyasta ba.

Yayanki,
Sikkandar