Kwanon Fura a Kujerar Baya

Asabar da dare, tsakiyar damina, 1988

Alhamdu lillahi, tsohuwar motata ta tsira. Tun ranar da ta daka tsalle a ramin Rafin Guza ta watsa wa Hajiya miya a zani, Hajiya ta kafe sai an sayar da ita. Wai mota ba rufin kirki sai tamfol, ga tsalle kamar ɗan akuya.

Yau ni da Garba bakanike muka kwance shokazoban baya masu hana mota tsalle, duk mansu ya tsiyaye. Notin hagu ya yi tsatsa ya ƙi motsi, sai da muka jiƙa shi da kananzir muka tafi azahar, sannan ya saki. Ai tsoho ba a yi masa gaggawa.

Da muka ɗaura sababbi, Hajiya ta fito da kwano cike da fura, ta zauna a baya. Ta ce, "Malam, ja mu je Katabu. In ta zube, ka nemi dillali."

Na naɗe tamfol, muka kama hanya, kowane rami gabana na faɗuwa. Har muka dawo ko ɗigo bai zuba ba. Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Sha, direba."

Kwankwasona ne kawai ke ciwo yanzu, shi kuwa ba a sayar da shokazobansa a kasuwa.