Katin Rangwame Na Biyu

Litinin

Zuwa ga Baban yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ƙaninka da ya ba ka ɗaki. Yara suna gaishe ka. Har yanzu sun ɗauka tafiyar neman aiki ka yi.

Ba don dole ba da ban dame ka ba. Yau ina kan teburin karɓar kuɗi, layi har bakin firji, manaja ta aiko a kira ni. Na tarar ta baje rasit bakwai a gabanta, duk na katin rangwame na biyu, wanda kanti ya yanka maka a matsayin mijina. Dukkansu daga reshenmu na bayan tasha.

Ka san ƙa'idar, tare muka karanta ta. Rangwamen ya hau kan abinci, sabulu da kayan gida. Bai hau kan magani ba, ko madarar jarirai, ko katin waya, ko abin da aka riga aka karya wa farashi. Sai layin ƙarshe, wanda a lokacin ko kallo bai ishe mu ba: katin na ma'aikaci ne da wanda suke kwana gida ɗaya.

Ranar Asabar ka je sayen maganin hawan jini, mai karɓar kuɗi ta ce babu rangwame, ka ɗaga murya. Wai har ka ce kullum nan kake sayayya, ga ɗakinka nan bayan kanti. Ita kuwa ta kai rahoto. Shi ne manaja ta tambaye ni yaushe muka tashi ban sanar ba.

Hawan jini, Baban yara? Tun yaushe? A rasit zan ji? Na karanta sauran ma: burodi, kifin gwangwani, burodi, burodi. Abin da kake ci ke nan?

Ta ba ni takarda in rubuta waɗanda ke gidana, in sa hannu ranar Alhamis. Watan jiya aka sallami mai yankan nama don ya saya wa maƙwabciyarsa man girki da katinsa, shekararsa tara a nan. In na ce kana gida, na yi ƙarya a rubuce. In na ce ba ka nan, sati bakwai ke nan ina sane ban karɓe katin ba. Ko Inna ban faɗa wa ka tafi ba.

Na san abin da na yaɓa maka, cewa ni ke ciyar da gidan tun da aka rufe masana'antarku. Magana zarar bunu ce.

Don Allah ka ajiye katin. Ka sha maganin.

Matarka,
'Yar Gajera

Juma'a

Baban yara,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Da fatan ka isa lafiya jiya.

Na gan ka a ƙofar ma'aikata da jakarka, rigarka a goge, ka miƙo min katin. Ka ce in rubuta kana gida, ai daga yau ka dawo, ba ƙarya ba ce. Na shige na bar ka tsaye, na san ka ji haushi.

Gaskiya na rubuta, cewa ba ka gida. Na danna biro har ya huda takardar. Manaja ta karanta, ta sake karantawa, ni ina tsaye ina jin ƙarar injinan karɓar kuɗi ta bango. Can ta karɓi katinka, ta ɗauko almakashi ta datse shi gida biyu. Nawa ta jefa a aljihun tebur, sai bayan wata shida. Ta ba ni takardar gargaɗi, ta mayar da ni sito. Sannan ta ce da na rubuta akasin haka da a ranar zan miƙa rigar aiki, don maigadin wancan reshen ɗakinsa na kallon naka, ya riga ya faɗa mata.

Na fito da gudu, ka tafi.

Ka fahimce ni. Sati bakwai ina sauraren takunka a bakin ƙofa, sai ga shi takardar kanti ce ta ɗauko ka. Ban so ka dawo don ceton aikina, gobe in mun saɓa ka ce taimakona ka yi. Ni na yi laifi da bakina, ina neman gafara. Kai ma ka yi da ƙafarka.

Na canza kwaɗon gida tun sati na biyu, cikin fushi, makullinka ba zai buɗe ba. Ina tashi aiki ƙarfe biyar. Ka ƙwanƙwasa.

Taka har kullum,
'Yar Gajera