Ku Bar Wa Iya Rafin Ɗinya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sunayen Unguwanni,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, ya fama da jama'a. Ni tela ne, haifaffen Rafin Ɗinya ta nan Jos, can bayan Titin Bauchi. Na ji za ku cire sunan unguwarmu ku manna mata lamba, wai masu sunan sun yi yawa a ƙasar nan. Na rubuto ne saboda mahaifiyata, Iya, domin sunan nan ne kaɗai ke dawo da ita gida.

Na ɗaya, gaskiyarku, sun yi yawa. Ni ma na san uku. Akwai kufai a kan dutse a ƙasar Bauchi, ba abin da ya rage sai karyayyar ganuwa da ramukan marina. Mutanensa ne suka sauko kwari noma, suka sa wa sabon garin sunan tsohon. Daga kwarin kakanninmu suka hauro Jos haƙar kuza, suka sake sa shi. Haka muke tun asali: in an tashi a bar rumbu da rijiya, amma a tafi da suna. Ba ƙarancin basira ba ne, ranka ya daɗe.

Ina yaro, duk kaka 'yan'uwa kan zo daga kwarin da sabon gero da rake. Su sauka a Laranto, su ambaci sunan kawai, sai a rako su har zaure. Iya ta dama fura ta aika wa maƙwabciyarmu Mama Ladi, ita kuma ta aiko da acca. Wallahi ina kewar wancan zamani.

Na biyu, yanzu Iya ta tsufa, tunaninta ya tafi. Da an yi sakaci da ƙofa sai ta yafa gyale ta fita, wai za ta gida. Duk wanda ya tambaye ta, amsa ɗaya ce: "Rafin Ɗinya, ɗana." Na san kwarin take nufi, inda ta yi ƙuruciya. Amma masu keke napep tamu ta Jos suka sani. Kwanan baya wani ya tsinto ta har Tudun Wada, ya sauke ta a bakin allon sunan unguwa yana cewa da Hausarsa ta ɗan koyo, "Oga, Mama ya ce nan ne gidansa." Sababbin masu keke kullum ƙaruwa suke, kuma allon nan suke bi. In kun tumɓuke shi, waɗanda suka zo baya za su ce mata ba su san wurin ba.

Roƙona ɗaya ne. Ku rubuta lambarku a gefe in dole ne, amma ku bar sunan a kan allo. Iya ba za ta koyi lamba ba. Sunana ma ta manta, ni da ta goya. Wannan ɗaya ya rage mata.

Allah ya ja kwanan iyayenka, ya ba ka tsufa cikin hankalinka. Ranar da ƙafa ta kai ka nesa, Allah ya haɗa ka da wanda ya san hanyar gidanku.

Wassalam, daga naka mai jiran amsa,
Habibu Tela, Rafin Ɗinya, Jos.