Rantsuwar Baban Rabi'a

Cheetham Hill, Manchester
Maris 2012

Zuwa ga Baban Rabi'a,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Kubura da yara. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na zaɓi takarda ne don a waya kana tare ni da “to Inna, to Inna” har maganar ta mutu.

Ƙanwarka Sa'adiya ta dawo daga aikinta na asibiti jiya ta ce wani babban kamfanin waya ya kai kamfaninku ƙara. Wai abin da ka yi shekaru kana ƙerawa, mai hana batir saurin ƙarewa, sun ce dabararsu ce, sai ku riƙa ba su kaso a kan kowace waya. Ni ban san ana mallakar dabara kamar akuya ba. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne wai za ka tsaya a kotu ka rantse.

Kada ka dafa Alƙur'ani a kan abin duniya. Mahaifinka ya bar gonar fadama sukutum don kada ya rantse gaban alƙali, alhali gaskiya tasa ce. Ba ku da dattawa a Birmingham ne? A tura limamin unguwar Sparkbrook ya yi sulhu mana.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Hajo

*

Selly Oak, Birmingham

Inna,

Bayan gaisuwa da ban girma, na karanta wasiƙarki, rubutun ya fi na likita kyau, ki gaya wa Sa'adiya.

Inna, waɗanda ke ƙararmu ba su da ƙofar gidan da liman zai yi sallama. Lauyoyi ne a ƙasa uku. Kamfaninmu ƙarami ne, mun yi rajistar dabarar da sunanmu, su ma suna da tasu rajistar mai kama da ita. Ni ne na fara zana ta, don haka shaidata ake nema. In aka kayar da mu, kuɗin lasisin da za su ɗora mana zai rufe kamfanin, kuma bizata a jikin aikin nan take. Aiki yanzu ko 'yan ƙasa nema suke, ƙaramar hukuma ma sallamar ma'aikata take yi. Ba ƙarya zan faɗa ba. Ki yi min addu'a kawai.

Ɗanki, Sunusi

*

Baban Rabi'a,

Ina gaishe ku. Na ji bayaninka, ban gane rabinsa ba. Na san ba ƙarya za ka yi ba. Amma wa ya san abin da ya taɓa shiga kunnensa ya manta? In wani ya riga ka ko da kwana ɗaya ne a wata ƙasa, kai kuma hannunka a kan Littafi fa?

Na ɗauki azumin Litinin da Alhamis. Na ba Sa'adiya kuɗin sadaka ta aika gida a yi sauka. Ta ce, “Inna, me za a roƙa, su ci shari'a?” Na ce a'a, a roƙa kada ranar rantsuwar nan ta zo. Ta yi min kallon da ban so ba. Na ce ke da allura kika sani.

Ka shafa min kan Rabi'a. Ka ce ta riƙa amsa min da Hausa.

Hajo

*

Yuni 2012

Inna,

Barka da war haka. Ba za a shiga kotu ba. Masu kamfaninmu sun sayar wa masu ƙarar da komai, har rajistar dabarata. Takardun suke so, ba mu ba. Za a rufe ofishin Birmingham ƙarshen wata. Ba wanda ya tambaye ni komai. In ban sami wani kamfanin da zai tsaya min a kan biza ba kafin kaka, za mu tattara mu bar ƙasar. Ba mu gaya wa yara ba tukuna.

Sunusi

*

Baban Rabi'a,

Na karanta. Na ba Sa'adiya ta sake karanta min, ko ni ce na haɗa baƙaƙen ba daidai ba. Ta ce daidai na karanta.

Abin da na roƙa aka ba ni. Wallahi ban san ta wannan ƙofar zai zo ba.

Gobe Alhamis, ina da niyyar azumi. Ka rubuto min abin da zan roƙa, da manyan baƙaƙe. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Mahaifiyarka