Rufin da Ke Yoyo a Cikin Kwamfuta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman nesa? Kwamfutar da kika aiko ta iso, na kuma ga abin da idona bai taɓa gani ba. Gidanmu da aka rushe shekara goma sha ɗaya da suka wuce, aka shimfiɗa titi a kansa, shi kika tayar a cikinta daga tsofaffin hotuna, har mutum ya shiga ya zaga? Ko tsagar bangon kicin ba ki manta ba! Allah mai iko.

Sai dai da gyara. In na tura linzamin kwamfutar, ɗakin fizga yake kamar mota mai datti a kafireto. Na zaunar da Mamanki a gaban allon, minti biyu ta ce jiri take ji, ta kau da kai. Ciwon mantuwar nan nata na nan yadda kika bari. Kullum da la'asar sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta tsaya bakin ƙofa, ta ce, "Bawan Allah, taimaka ka kai ni gida." Shekara arba'in da ɗaya muna tare, yau ni ne bawan Allah. Abin na ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba.

Shin injin nan ba shi da totur ne?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya jikin Mama? Wasiƙarka ta sa ni dariya, ta sa ni kuka.

Yana da totur. Abin nan mai fanka biyu a cikin akwatin, sunansa katin hoto, shi ke zana duk abin da kake gani. Ya tsufa, hoto ashirin da shida yake zanawa a sakan, ido kuwa sai wajen talatin yake samun natsuwa. Amma masu ƙera shi kan bar masa ɗan rarar ƙarfi, ita za mu taɓo.

Buɗe manhajar da na sa wa alamar fanka. Layin farko na gudu ne. Ƙara goma sha biyar kawai, ka zaga gidan minti ashirin. In lafiya lau, ka sake ƙarawa. Zafi kada ya wuce tamanin. Layin wuta ko kallonsa kada ka yi. In ka ga ɗige-ɗige na ƙyalƙyali a allo, katin ne ke cewa ya gaji, sai ka koma baya taki ɗaya.

Baba, na san ƙafarka a kan totur. Don Allah ba tsere ba ne.

'Yarka mai biyayya,
Auta.

Auta,

Sallama da gaisuwa. Wato yau ke ce mai koya wa tsohon bakanike haƙuri? To, wanda ya daɗe ya ga daɗau.

Na fara da hure ƙurar fankokin, don ba a murɗa inji mai datti. Lambobinki ƙanana ne, idona ba ya kama su sosai, sai na koma sana'ata: na kafa bakin sukundireba a jikin akwatin, na ɗora kunne a mariƙinta. Auta, yana magana! In zafi ya taso muryar fankar kan canza, kafin in ɗauko tabarau na riga na sani. Abu bai kai tafin hannuna biyu ba, ba mai, ba fistin, amma yana gina gida sau talatin a sakan guda.

Kwana uku na kai ɗari da ashirin, tafiya ta yi sumul. Sai son zuciya ya sa na ƙara taki guda, ban gwada ba na kira Mamanki. Muka shiga tsakar gida. Muka wuce kicin, ta miƙa hannu wajen tsagar nan. Da muka shiga ɗakinta sai ta ɗaga kai. Ni ban ga komai ba, ita ta hango fararen ɗige-ɗige na walƙiya a ƙarƙashin silin. Ta juyo ta harare ni.

"Injiniya! Rufin nan yoyo yake. Tun bara nake faɗa maka. Motocin mutane ka iya gyarawa, gidanka na zuba!"

Shekara biyu rabon da ta kira ni da sunan nan. Na tashi na ɗauko roba na ajiye ƙarƙashin tebur, ta ce in matsar da ita hagu, na matsar.

Na san abin da kika ce. Amma ki bar mini yoyon nan. Shi ya dawo mini da ita.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Sau huɗu na karanta, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Amma in ka bar shi haka, wata rana katin zai tsaya cak, allo ya yi baƙi tana tsakiyar ɗakinta. Kada a rushe mata gida sau biyu. Kuma Baba, tsakani da Allah, damina nawa ta yi tana roƙonka ka gyara rufin nan har aka tashe mu? Ka gyara mata mana.

Auta.

Auta,

Sallama. Kin ɗaure ni da jijiyata. Jiya na ce mata, "Riƙe mini tsani zan hau." Ta kama ƙafar kujera gam. Na koma baya taki ɗaya, yoyo ya ɗauke. Ta daɗe tana duban silin, sannan ta ce, "To ka gani? Abin da bai kai ya kawo ba." Ta kwance ƙullin kayanta ta jera su a kan gado.

Can sai ta dubi ƙofa ta ce, "Injiniya, la'asar ta yi, Auta ba ta dawo daga makaranta ba." Na ce kina hanya. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai jiya.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Ba ka yi ƙarya ba, na ɗauki hutu, ina tafe ranar Asabar in sha Allah. In ta sake tambaya, ka ce malami ne ya tsare mu a aji.

Auta.